Rigar Bitrus

Yau shekara ashirin da rasuwar Bitrus tela, maƙwabcin shagona a Dilimi. Shi Kirista ne mai ɗinkin kwat da wando, ni kuma Musulmi mai aikin babbar riga.

Abin da ya ƙulla mu ya faru ne shekarar da gwamnati ta buɗe firamare kyauta. Kayan 'yan makaranta suka yi mana ambaliya, ga Babbar Sallah ta matso. Cikin kayan da na danne har da rigar Alhaji Sule dillalin shanu, wanda nake neman auren 'yarsa. Sau huɗu ina ce masa gobe. Ya rantse in ya dawo na biyar bai samu ba, maganar aure ta mutu, don wanda ya kasa riƙe alkawarin riga ba zai riƙe mace ba.

Da na hango shi tafe, sai na shige ƙarƙashin teburin yanka, na ce wa Bitrus ya ce na tafi Bukuru.

"Ina yaron nan?" in ji Alhaji.

"Yana ƙarƙashin tebur, Alhaji," in ji Bitrus, ko ɗaga ƙafa daga keke bai yi ba. "Amma ka dawo Alhamis. Ni na ce."

Na fito da zare a gemu. Bayan Alhaji ya tafi na ce, "Haba Bitrus, haka ake maƙwabtaka?" Ya ce, "Malam, Wanda nake bauta wa yana ganin ƙarƙashin tebur." Sai ya kwashe kayan makarantar da ke kaina ya haɗa da nasa, ya bar ni da rigar. Ranar Alhamis Alhaji ya karɓi abinsa, bayan Sallah aka ɗaura aure.

Don godiya na auna Bitrus, na rubuta awon da ajami a bangon shago, na yi masa alkawarin riga mai aska takwas. Hali zanen dutse. Duk Kirsimeti sai ya leƙo ya tambaya, in ce gobe in Allah ya so. Ya ce, "Allah ya so tuntuni, saura kai."

Nakan yi tunanin me zai ce da zamanin nan, da mutum zai ce maka a waya ga shi nan a hanya alhali yana kwance a gado. Ina jin da ya karɓi wayar ya faɗi gaskiyar inda mutumin yake.

Da ya rasu, na tuna su Kiristoci da tufafi suke binne mamacinsu. Awon na nan a bango. Kwana uku ban ɗaga kai daga allura ba, na kai wa matarsa Saratu ana gobe jana'iza. Ta shafa aikin, ta yi dariya hawaye na zuba.

"Baban Hauwa," ta kira ni da sunan 'yata, "Bitrus ya ce za ka kawo. Ya ce dai kada mu sa rana."

Shagonsa yanzu wurin cajin waya ne, kekensa ya yi tsatsa. Amma a layinmu har yau in tela ya ce Alhamis, sai a tambaye shi: taka ko ta Bitrus?