Rigar Baba da Na Warware

Shekarar da damina ta yanke mana tun gero bai fid da kai ba, allura ce ta riƙe gidanmu. Mu dama a ƙauyenmu, can gefen Dawakin Tofa, da an gama girbi sai maza su baje tabarma a inuwar durumi, kowa da riga a cinya. Kai, zaman nan akwai daɗi! Ana ɗinki ana tsiya, wanda ya soke yatsa a yi masa dariya. A nan Baba, Allah ya jiƙansa, ya koya mini aiki, da ranƙwashi da komai.

Riga ɗaya tal ta hannunsa ya bar mini: mai adon ɗinkin aska takwas, da zaren tsamiya, silikin nan namu na gargajiya, ga ɗan zaren azurfa ya kewaye wuya. Tambarinta kuwa, da'irar nan ta ƙirji, wallahi ban taɓa ganin mai lanƙwasa shi kamar Baba ba.

Ana tsakiyar yunwa wani Alhaji ya zo daga birni yana neman riga irin ta mutanen dā, ta tsamiya zalla, ya ce hatsi zai bayar. Rumbunmu a lokacin ko ɓera ya daina leƙawa. To amma ina zaren? Matan da ke kaɗa tsamiya duk sun watse neman abinci. Sai na ɗauko rigar Baba da reza.

Inna, mahaifiyata, ta gan ni ta ce, "Kai, ka kwafe zanen tukuna mana."

Na ce, "Haba Inna! Ai da tawada ake zanawa kafin a sa allura. Ina cire zaren zan same shi a ƙarƙashi."

Ta ce, "To, kai ne mai sana'a." Ni kuwa har da ɗan hura hanci.

Kwana tara ina tsincewa sili-sili. Zaren ya fito lafiya. Tawadar ma tana nan, ta koɗe amma ana gani. Da na shimfiɗa rigar a rana sai na ƙura mata ido. Zanen ba wani na a zo a gani ba ne, irin wanda kowane mai zane ke yi ne. Ashe Baba bai bi shi ba. Allurarsa ce ke kauce wa layi, ta ƙara nan, ta rage can, ni kuma na bi na tsince duka da hannuna. Hujin allurar ma saƙar ta haɗe shi.

Na ɗinka wa Alhaji rigarsa, ya yaba, muka ci tuwo har ruwa ya sauka. Tuwon ban yi nadamarsa ba. Amma shekara da shekaru ina gwada tambarin nan da ka, duk wanda na gama in kai wa Inna. Sai ta shafa, ta ce, "Ya yi kyau, Allah ya yi albarka." Har ta koma ga Allah ba ta taɓa cewa irin nasa ne ba.