Nuzhat da Bidiyon Ranar Juma'a

Matata Nuzhat Jahan ba ta karanci aikin jarida a ko'ina ba. Mahaifinta ne ya yi shekara talatin yana rubuta wa wata jaridar harshen Urdu kanun labarai da hannunsa a nan birnin Kanpur, har ranar da aka kawo na'ura aka ce ya je ya huta. Ita kuwa malamar firamare ce sa'ad da na aure ta, mai tsoron karnuka da tsallaka babban titi, kuma har gobe tana tsoronsu. Ni sunana Sarfaraz, yankan fata nake yi a wani shagon takalma. Abin da zan faɗa duk a gabana aka yi shi.

Shekara shida ke nan da mutum uku suka mutu a ramin ruwan jima na wata majema da ke bayan unguwarmu. Manyan jaridu suka ba su layi biyu. Ɗaya daga cikin mamatan uban wata ɗalibarta ne, sai ta je gaisuwa. A can ta tarar da wani siririn mutum zaune a ƙasa yana tambayar matar mamacin, yana rubutawa a littafi. Harilal ke nan, ba Musulmi ba ne, jikan masu kankare ƙiraga ne, irin mutanen da har yanzu akwai gidajen da ba za a ba su ruwa a kofin gida ba. Yana da wani ɗan shafin labarai a intanet, wanda da harshenmu sunansa ke nufin Labarin Lungu. Matan gidan suka ƙi sakin baki da shi, amma da Nuzhat ta zauna sai suka yi ta magana. Kafin shekara ta zagayo ta ajiye alli ta kama waya.

Su biyu ne aikin. Ba ofis, ba mota. Labaransu na Musulmin unguwa ne da mutanen Harilal: famfon da ya ƙafe, yaron da aka tsare ba a faɗi dalili ba, rumfar da aka rushe. Ni dai tun daga lokacin na koyi ajiye wayata a kan teburin yanka, fuskarta a sama. In ta yi ƙara wuƙa a hannuna, sai na ajiye wuƙar na yi bismilla kafin in duba.

Abin ya faru wata Juma'a ce a watan Mayun bana, ana zafin da ko hankaka ba ya kuka. Muna karyawa da gurasar roti da shayi, 'yarmu Alfiya tana neman takalminta na makaranta, sai aka buga ƙofa. Shoaib ne, makanikin bakin layinmu, da samari wajen takwas a bayansa. Ya miƙa wa Nuzhat waya ko gaisuwa babu.

A bidiyon, wasu mutane ne suka zagaye wani tsoho mai farin gemu suna dukansa da sanduna. A ƙasa an rubuta cewa jiya ne, a kasuwar bakin gada, kuma tsohon Chacha Badruddin ne mai amalanken ɗaukar ƙiraga. Kowa a unguwa ya san Chacha, wato kawu, kamar yadda muke kiransa. Kuma gaskiya ne bai kwana a gida ba.

"Apa, ki ɗora shi yanzu," in ji Shoaib. Haka duk samarin ke kiranta, wato yaya. "Ke ake yarda da ke. Ana idar da Juma'a za mu fita."

Na san yadda irin wannan fita take ƙarewa a garin nan. Wani ya jefa dutse ɗaya, sai 'yan sanda su yi wata guda suna bi gida gida suna kwasar yara.

Nuzhat ta kalli bidiyon sau uku. Ta ce, "Shoaib, kai da ka zo yanzu, rigarka ba ta jiƙe da gumi ba?"

"Me ya kawo zancen rigata?"

"Waɗannan duk rigunan sanyi ne a jikinsu. Wancan har da mayafi a wuya. Jiya wa ya sa rigar sanyi a Kanpur?"

"Gemunsa ne, hularsa ce."

"Rabin tsofaffin unguwar nan gemunsu ɗaya. Har babanka."

Wani a baya ya yi dariya, Shoaib ya harare shi. Ya ce, "To in ba shi ba ne, ina yake? Ko ke ma an fara ba ki ɗan na shayi ne?"

Na miƙe, ta riƙe min riga. Ta ce masa, "Ka ba ni zuwa ƙarfe ɗaya. In Chacha ne, da hannuna zan ɗora, kuma ni zan shige gaba." Da suka fita ta zauna a bakin gado ta ce, "Abban Alfiya, in kuma shi ne fa? Wataƙila idona ne yake ganin abin da nake so." Na tashi na ɗauko makullin babur.

Mun fara da gidan Chacha. Matarsa, Khala Zaibun, wato Inna Zaibun, tana zaune mata sun kewaye ta, har an fara karanta Yasin. Ta ce tun la'asar ɗin jiya ya fita zuwa majemar da yake yi wa dako, wayarsa kuma a kashe. Muka wuce majemar. Mai gadi ya ga Nuzhat ya ja ƙofa, ya ce bai san wani Badruddin ba, alhali shekara goma sha biyar yana buɗe wa amalankensa. Wannan ƙaryar ta fi bidiyon tayar min da hankali.

A gefen katanga akwai wata mata tana tsince yankakken fata tana zubawa a buhu. Phoolmati sunanta. Ba ta ɗago kai ba, ta yi magana kamar da buhun take yi. Ta ce jiya da yamma an ciro wani mai yasar rami a sume, Ramdin, ɗaya daga mutanen su Harilal, kuma ba a kira motar asibiti ba don kada magana ta fita. A amalanken Chacha aka ɗora shi. Nuzhat ta karɓi lambarta, ta yi mata alkawarin ba wanda zai ji sunanta.

Ƙarfe goma sha ɗaya ta wuce. Asibitin farko suka ce ba su ga kowa ba. A hanyar na biyu muka ga motocin 'yan sanda biyu sun tsaya a bakin titin masallacinmu, kuma masu shaguna sun fara sauke ƙofofi. Harilal yana ta kira, yana cewa bidiyon ya kai wayar kowa, har 'yan uwansa na tambaya ko su kwashe yara su tafi ƙauye. Nuzhat ta riƙe kafaɗata da ƙarfi har sai da na ji farcenta. Ba ta ce in yi sauri ba. Addu'a ɗaya take ta maimaitawa.

A asibiti na biyu muka same shi, zaune a ƙasa a baranda, ya jingina da bango yana gyangyaɗi, ko ƙwarzane babu a jikinsa. A ciki Ramdin na kwance da roba a hanci. Chacha ya ƙi tafiya ne don matar Ramdin ba ta iya karatu ba, kuma sai an yi ta sa hannu a takardu. Wayarsa ta mutu tun jiya.

Nuzhat ta durƙusa gabansa ta fashe da kuka. Tsohon ya firgita ya ce, "'Yata, wa ya rasu?"

Na ce, "Kai ne, Chacha. Tun safe."

Na nuna masa bidiyon. Ya kalla har ƙarshe, sannan ya ce, "Allah ya saka wa bawan nan." Can kuma ya ɗago ya ce, "Zaibun fa, ta yi kuka kuwa? Ko shinkafar sadaka take lissafi?"

Nuzhat ta ɗauke shi bidiyo na minti ɗaya, ya faɗi sunansa da rana da inda yake, ya ce kowa ya yi sallarsa ya koma gida. Ta tura wa Harilal, ya ɗora saura minti goma ƙarfe ɗaya ta cika, tare da hoto guda daga wancan bidiyon, an rubuta a kansa da manyan baƙaƙe cewa ba a Kanpur ba ne. Na bar ta a asibiti na yi masallaci. Ban taɓa yin sallar da hankalina bai kasance cikinta ba kamar wannan. Bayan sallama samari kamar ashirin suka tsaya cirko-cirko a bakin layi, kowa na kallon wayarsa. Rana ta dake su, ɗaya bayan ɗaya suka watse.

Da yamma Shoaib ya tare ta a ƙofar gida. Ba haƙuri ya zo bayarwa ba. Ya ce, "To ba Chacha ba ne. Amma wani aka daka ai, Apa, kuma mai gemu ne irin namu."

Ta ce, "Gaskiyarka." Kwana huɗu ta yi tana bin sawun bidiyon, har ta gano a wata jiha aka yi, lokacin sanyi, shekara biyu baya. Ta rubuta wannan ma. Mutane kaɗan ne suka karanta.

Ramdin ya rasu ranar Lahadi. Ta rubuta yadda aka saukar da shi rami ba igiya ba abin rufe hanci, da yadda aka hana kiran motar asibiti. Mai majemar kuwa namu ne, Alhaji ne, shi ya sa wa masallacinmu fankoki. Daga nan gaisuwa ta fara raguwa. Matan da ke aiko mana da shinkafar biryani ranar biki suka daina. Wani dattijo ya tsayar da ni ya ce, "Sarfaraz, duk duniya ta taru a kanmu, sai matarka ta ƙara da namu? A kan mutumin da ba ma namu ba?" Na ce masa Chacha Badruddin bai tambayi Ramdin addininsa ba kafin ya ɗora shi a amalanke. Amma da na faɗa mata, ban ɓoye ba, na ce ni ma na so a ce ta bar wannan ɗin ya wuce. Ta ci gaba da tsince shinkafarta.

Bayan mako biyu takarda ta zo daga caji ofis. Wani, ba a faɗi ko wane ne ba, ya kai ƙara cewa shafinsu ya yaɗa hoton da zai iya tayar da fitina. Hoton nan ne da suka sa don su ƙaryata. Harilal ya samo lauya, muka tafi da safe. Kafin mu fita ta yi wa Alfiya kitso da kanta, ta nuna min inda take ajiye maganin asmar yarinyar, abin da na riga na sani. Awa shida ina zaune a benci a waje. Duk wanda ya fito sai in miƙe. Ta fito bayan la'asar, leɓenta a bushe, ba wanda ya taɓa ta. Amma sun riƙe wayar.

Na ɗauka gida za mu, sai ta ce in kai ta bayan majema. Ta ce a wayar nan akwai lambobin mutanen da suka yarda da ita shekara shida, kuma dole kowannensu ya ji daga bakinta. Kwana tara muka yi muna bi. Wasu suka ce ba komai. Wasu suka rufe ƙofa tun kafin ta gama. Phoolmati ta saurare ta har ƙarshe, sannan ta ce, "Ke in abu ya ɓaci kina da miji mai sana'a. Ni buhun nan ne mijina." Ta ɗaga buhun ta ɗora a ka ta tafi. Tun daga ranar ba mu ƙara ganinta a gefen katangar ba. Nuzhat ta koma wurin sau biyar. Wasu sun ce ta koma ƙauyensu, wasu sun ce an hana ta tsinta ne. Ba mu sani ba, kuma wannan ya fi takardar cin ran matata.

Maganar ba ta mutu ba har yau. Lauya ya ce za a iya kiranta gobe, za a iya mantawa da ita shekara uku. Ta rame. In babur ya tsaya a ƙofar gida sai ta daina tauna. Duk da haka da wata tsohuwar wayar ƙanwata take aiki, kuma yanzu ba ta ajiye lambar kowa, haddacewa take yi. Jiya ma unguwar su Harilal ta wuni a kan wata makaranta da rufinta ya rufta.

Makon nan Alfiya ta kawo takardar neman shiga sakandare. Akwai wurin da za a rubuta sana'ar uwa. Na ce mu sa malamar makaranta, ai ba ƙarya ba ce, ta taɓa yi. Nuzhat ta ce ita ba za ta koya wa 'yarta ɓoye uwarta ba. Na ce ni kuma ba zan bari a ajiye takardar 'yata gefe saboda kalma ɗaya ba. Alfiya tana tsaye da biro tana kallonmu, sai ta ce ita dai a gaya mata abin da za ta rubuta. Takardar tana nan a kan firji, an danne ta da gwangwanin shayi, kuma ranar Litinin za a mayar.