Rairayin Gaweye

Ni ban yi lakwal ba, wato boko, amma tun ina budurwa ake zagaye ni a ji tatsuniya, kuma wanda ya shekara sittin yana ƙera labari ya san ƙerarre in ya ji shi.

A wurin foyandi ne, taron matan da muke yi wata-wata a unguwarmu ta Zongo, matar ɗana ta kunna mana wani saƙon murya a wayarta. Namiji ne, ya shaƙe murya, bai faɗi sunansa ba. Wai ya shekara bakwai cikin ƙungiyar asiri, yanzu ya tuba. Wai bayan Kirsimati, cikin tsananin sanyi, suna haɗuwa ƙarƙashin gadar Gaweye, su zauna kan rairayi a tsakiyar kogi. Wai wata ungozomar likita, Kirista, 'yar Dogondutsi, ita ke kawo masu mabiyiyar jarirai.

Ungozoma 'yar Dogondutsi ɗaya ce a layinmu, katangarmu ɗaya da ita. Jikokina biyar a hannunta suka faɗo.

Ban ce babu masu asiri a duniya ba. Na ga abin da na gani a rayuwata. Sai dai na ce a sake kunnawa, aka sake. A karo na uku na ji inda yake cewa rairayi ya cika masa takalmi.

Shekarar da aka kawo ni Yamai daga Maradi, na ɗauki kwarya cikin sanyi na nufi kogi ɗebo rairayin shara, don a garinmu gulbi yana ƙafewa da an gama damina. Na tarar da ruwa baki da baki. Matan Zabarmawa masu wanki suka yi ta dariya har ɗaya ta zauna cikin kumfa. Kogin nan cikin sanyi yake cika, sai zafi ya tsananta kafin rairayinsa ya fito. Duk ɗan garin nan ya san haka.

Na ce, "Wannan mutumin bai taɓa zama ƙarƙashin gadar nan cikin sanyi ba. In ya zauna, to kifi ne."

Wasu suka yi dariya. Matar mai gidan hayar da ungozomar ke ciki ba ta yi ba. Ta ce, "Haba Iya, masu asiri ruwa zai hana zama?"

"Da ruwa ya tsage masu, da shi zai fara faɗi. Wa zai ga kogi ya tsage ya tsaya ba da labarin takalmi?"

"To me zai sa bawan Allah ya yi ƙarya, ga shi har kuka yake?"

"Ni ma ina kuka a tatsuniya in na kai inda kura ta cinye marainiya. Ku tambayi 'ya'yanku."

Na kuma tuna masu cewa mabiyiya dangi ake miƙa wa. Ta jikokina ni na wanke da hannuna, ni na binne a tsakar gida. Matar ɗana, da cikinta wata bakwai, ta sunkuyar da kai ta ce, "Iya, ko da ƙarya ce, ni dai zuciyata ba ta kwanta ba."

Mai muryar ba shi da fuskar da zan kalla, ba shi da uwar da zan je in yi wa magana. Abin da na sani game da shi ɗaya ne, kuskurensa irin nawa ne, na mutanen da suka tashi a bakin gulbi mai ƙafewa. Watakila ɗan garinmu ne. Wannan ban faɗa wa kowa ba.

Cikin sati biyu mata suka daina ƙwanƙwasa wa ungozomar ƙofa. In ta je kasuwar Petit Marché, masu kayan miya su miƙa mata tumatir ba tare da sun dube ta ba. Mai gidan hayar ya ce zai yi gyara, ta nemi wani wuri.

Sai na ɗauki tabarmata da hantsi na shimfiɗa a ƙofarta, inda duk mai wucewa zai gan ni. Ta fito, idonta ya faɗa. Ta ce, "Iya, za su haɗa da ke."

Na ce, "Su haɗa. Me kika dafa?"

Ta kawo dambu da zogale a kwano ɗaya, ta zauna gabana. Na wanke hannu, na yi bisimilla, na kai hannu. Sai hannun ya tsaya a bakin kwanon. Bai fi ƙiftawar ido ba. Ni da na kama ƙaryar da kunnena, ni da na tsaya gaban mata ashirin. Na ci, na ƙara, na yaba man da yajin. Amma ta gani.

Da na gama ta zuba mani ruwa a hannu, ta ce in gaida gida.

Ƙarshen wata ɗan'uwanta ya zo da mota ya kwashe kayanta zuwa hayin kogi. Ta bi gida-gida ta yi sallama da wanda ya amsa. Da ta zo wurina ta durƙusa kamar kullum, ta ce, "Iya, in matar ɗanki ta fara naƙuda, kada ku jira. Ɗan a gicciye yake."