Igiyar da Na Kai Astarakan

Ranar Asabar, ƙarfe biyar da kwata na asuba, na bar gidana a Tudun Wada da akwati ɗaya da sabuwar igiya ta ɗaure rago. Shekara ashirin ina sana'ar fatu, ban taɓa ganin abin da ya rikita ni ba kamar wata baƙar hula mai nannaɗaɗɗen gashi da maƙwabcina Malam Bitrus ya aiko mini daga Rasha, inda gwamnati ta tura shi karatun kifi. Duk ɗan fatun da ya shafa ta sai ya yi salati. Nan na rantse a rumfarmu sai na kawo irin tumakin nan Gombe. Alhaji Sambo, wanda muke takara da shi, ya ce, "Ka kawo, dusarsa a wuyana."

Gombe zuwa Mosko

Fijo ta kai mu Kano ƙarfe ɗaya, bayan faci biyu. A Kantin Kwari na sayi kwat mai nauyin ɗan maraƙi, don kowa ya ce can ƙanƙara ce. Daga Ikko jirgin sama ya ɗauke mu. A Mosko ma'aikacin kwastan ya ɗaga igiyar, ya dube ni. Na ce, "Mee!" Ya buga hatimi da sauri. Bitrus ya tarye ni da takardun izinin da ya yi wata huɗu yana nema.

Astarakan

Kwana ɗaya da wuni a jirgin ƙasa, muna yin kudu zuwa Astarakan, inda Bitrus ya ce ake kiwon tumakin. Daji ya ƙare, fako ya fara, sai ga raƙuma. Na sauka cikin kwat a watan Agusta, rana kamar ta Nafaɗa. Bitrus ya ce, "Alhaji, tuɓe, kana ba Nijeriya kunya."

Lardin yana iyaka da ƙasar Kazak, inda kogin Volga ya rarrabu kamar yatsu ya faɗa tekun Kasfiya. Da can masarautar Tatar ce, Musulmi, kafin sarkin Mosko ya ci ta da yaƙi ya gina farar ganuwa. Fataken Farisa da Indiya sun yi zango a nan. Rashawa, Tatar, Kazak, duk cin su ɗaya: kifi da kankana. Kwana uku ban ga wani abu dabam a akushi ba.

Gonar gwamnati

Bas ta yi awa uku da mu. Makiyayin wani tsoho ne Kazak, Baba Sarsen. Na yi sallama, ya amsa, ya riƙe hannuna ya ƙi saki. Bayan shayi mai madara da gishiri na ce a kai ni garke.

Raguna ne masu kitsen wutsiya, gashinsu buzu-buzu, furfura-furfura. Ko buzun salla ba zan yi da shi ba. Na fito da hular, na ce ta bakin Bitrus, "Baba, masu wannan gashi nake nema."

Ya yi dariya har da tari. "Ga iyayensu nan. Wannan fatar jariri ce. Kwana uku da haihuwa ake yankawa, in ya wuce haka gashin ya warware."

Ni da nake korar mai talla in bai faɗa mini shekarun dabba ba, na haye teku ban yi wannan tambaya ba. A Gombe wa zai yanka ragon Layya yana ɗan kwana uku? Matata ma sai ta kai ni gaban alƙali.

Duk da haka rantsuwa tana kaina. Na ce a sallama mini ɗaya. Baba Sarsen ya ce, "Ɗana, ko kunnensa ba nawa ba ne. Na gwamnati ne, an lasafta shi." Na ƙara tayi. Bitrus ya taka mini ƙafa: "Alhaji, ina son in gama karatuna."

Na bar wa Baba Sarsen kwat ɗin. Ya cika mini aljihu da irin kankana.

Gida

Na iso Gombe ranar Laraba da la'asar. Alhaji Sambo yana ƙofar gidana da kwanon dusa da 'yan kallo.

"Sannu da hanya, Alhaji. Ina baƙon namu?"

"Ma'aikacin gwamnati ne, ba a ba shi hutu ba."

Aka kwashe da dariya, na zaunar da su na faɗi gaskiya duka. Kankanar ta yi kyau a fadamata, Sambo ma yana aikowa a saya masa. Igiyar kuwa tana rataye a rumfa, duk fatar da aka kawo sai na dubi igiyar nan kafin in taya.

Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, da Malam Bitrus da ya jure ni, da Baba Sarsen da bai yi dariyar ta wuce ƙima ba.