Garzali Kademi, Daraktan da Ya Ƙi Saka Waƙa

Idan aka idar da sallar asuba a Kademi, Malam Garzali Badaru ba ya komawa barci. Fartanya yake ɗauka ya nufi gonar gyaɗarsa, yana tafe yana laluben hanya da ƙafa, domin idon ya yi rauni. Bana likita ya ce masa ya haƙura da kyamara. Baƙo ba zai taɓa cewa wannan manomin ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana ba da umarnin fim ba.

Fina-finansa babu rawa, babu waƙa, babu gidan bene na aro. Manoma yake ɗaukowa su fito a manoma. Yana kuma da wani hali da ya jawo masa zagi: idan magana ta ƙare, ba ya yankewa. Sai ya bar kyamara a kan fuskar mutum, shiru, har mai kallo ya rasa inda zai kai idonsa.

A birni dariya aka yi masa. Wani furodusa ya ɗan kalli wani fim ɗinsa ya ce, "Malam, wannan fim ne ko zaman makoki? Saka waƙa mu samu na kai wa kasuwa."

Garzali ya ce, "Alhaji, matar nan ɗanta ne ya rasu. Wace waƙa za ta yi?" Ya tattara kayansa ya hau motar Gaya, ya koma gida.

Ina cikin matan da suka kalli fim ɗin a Toranke, da la'asar, a tsakar gidan wani dattijo da ya kunna mana janareta. Labarin wata uwa ce da ta goyi ɗanta mai zazzaɓi da damina, ruwa ya yanke hanya, ba ta kai asibiti ba. Aka nuna ta ta dawo gida, ta kwance zanin goyo, ta ninke shi, ta zauna. Ba kuka, ba kiɗa. 'Yan mata suka fara cewa a tura gaba. Sai Baba Kulu, tsohuwar da ba ta cika magana ba, ta ɗaga hannu.

Ta ce, "Ku ƙyale ta ta zauna. Ni ma haka na zauna."

Yawancinmu ba mu san ta taɓa rasa ɗa a hanya ba. Ranar mata da yawa suka faɗi abin da suka daɗe da haɗiyewa. Kafin damina ta gaba, mazan unguwar suka yi gayya suka cike kwarin da ke yanke musu hanya.

To me aka saka wa Garzali da shi? Waɗanda suka kira aikinsa zaman makoki, su ne yau suke barin kyamara a kan fuska, suna cewa sabon salo suka kawo. Ana kiransu taro, ana tafa musu. Samarin Gaya suna yanko fuskar matar nan a waya, su ɗora mata waƙar soyayya, su yaɗa, babu ko sunansa. Matarsa Suwaibatu ta faɗa mini tun da idon ya taɓu, ko mutum ɗaya daga masana'antar fim bai zo duba shi ba. Shi kuwa da na tambaye shi, cewa ya yi, "Hajiya, ai ba don su na yi ba."

Malam Garzali, kai ne ka ɗauke mu mutanen ƙauye a matsayin mutane, ba abin dariya ba. Kai ne ka yarda cewa baƙin cikinmu ba ya bukatar ado. Mun gode, Allah Ya ba ka lafiya, Ya saka maka da abin da mutane suka hana ka.

Ku masu riƙe da kyamara yanzu, ku koyi haƙurinsa, ba salonsa kaɗai ba. In kun ara, ku faɗi mai shi. Kademi ba nisa gare ta ba, kuma mutumin yana raye. Ku je ku gaishe shi tun yana iya gane fuskokinku.