Rabin Goron da Na Ci

Jama'a, abin nan ni ya faru da ni, ba ji na yi a bakin wani ba, kuma wallahi da furfurata ba zan zauna in shirya muku ƙarya ba. Shekara bakwai ke nan, lokacin ina noman rani a Bakura, 'yar gonar albasa gare ni a bakin babbar hanyar ruwan da ake sakowa daga dam, wadda muke kira kanal.

Wata Juma'a 'yata ta fari da ke aure a Talata Mafara ta kawo min ɗanta Sadiku, ɗan shekara huɗu, za ta biki Maradun sai Lahadi ta dawo. Har ta hau mashin tana jaddada min, "Baba, don Allah kar ku bari ya tai bakin ruwa." Na ce ta tafi abinta, ita da na raina ai ba ta nutse ba.

To kun san jika da kaka. Ranar Asabar ya maƙale min da kuka sai ya bi ni gona, ni kuwa zuciyata ba ta iya jure kukansa, na aza shi a keke muka tafi. Rana ta take tsaka, muna ƙarƙashin darbejiya yana tuge min albasar da ba ta nuna ba, sai ga wata tsohuwa ta yi sallama. Ban san ta ba, alhali yankin nan babu tsohuwar da ban sani ba. Muka gaisa, gaisuwa mai tsawo, har dabbobi ta tambaya, amma idonta na kan yaron. Can ta yi dariya ta ce, "Malam, ka ba ni wanga ango?"

Wace tsohuwa ce ba ta yi wa yaro wannan wasa? Na ce, "Na ba ki, tahi da shi, dama ya hana ni sakat." Ta sake cewa, "Ka ba ni?" Na ce na ba ki. Sai da ta tambaya sau uku, ni kuma sakarai ina amsawa ina dariya. Ta kwance bakin zane ta miƙo min farin goro guda, ta ce ga na neman aure. Na ɓare na jefa rabi a baki, na sa rabi a aljihu. Goron sanyi ƙalau kamar daga randa aka tsamo shi. Sai bayan ta wuce na lura inda ta tsuguna ya jiƙe sharkaf, ga shi kuwa ko ina ƙasa a bushe take. Sai na ce wa raina wanka ta yi.

Washegari da hantsi ina gyara sarƙar keke a zaure, Sadiku na wasa da gwangwani a gefena, sai na ji shiru. Na waiga babu shi. Innalillahi! Na tambayi matan cikin gida, babu wadda ta gan shi. Ban san abin da ya ce min in yi kanal ba, na dai samu kaina ina gudu ba takalmi, gudun da rabona da shi tun ina saurayi.

Na hango shi cikin ruwa har ƙugu, hannunsa na hagu a ɗage sama kamar yaron da babba ke riƙe da shi za a tsallaka titi, kuma babu kowa kusa da shi. Na faɗa na cafki na daman, na ja, wallahi tallahi aka ja. Yaron ko kuka bai yi ba, ya dube ni ya ce, "Kaka, ai kai ka ba ta ni."

Ayatul Kursiyyu ma sarƙe min ta yi a baki. Sai na ji ina ihu, "Na fasa! Ba nawa ba ne, amana ce uwarshi ta ba ni, ba ni da ikon bayarwa!" Daga bayan kunnena, daf da ni, muryar tsohuwar nan ta ce, "Gorona hwa?" Allah ya taimake ni rigar jiya ce a jikina. Na lalubo rabin na jefa a ruwa, nan take hannun yaron ya faɗo, muka zube tare a baki. Ina rungume da shi na ji ta ce a hankali, "Saura rabi."

Da la'asar uwarsa ta zo ta ɗauke shi, ta yi ta godiya, na kasa haɗa ido da ita, kuma har yau ban gaya mata ba. Na kai goro ƙwarya guda na zuba a wurin, da safe na tarar da shi an jera a kan gaɓa, ko ɗaya ba a taɓa ba. Gonar na bar ta, goro kuwa ban sake kai shi bakina ba.

Don haka ina roƙonku, ko da wasa kada ku ce kun ba wani yaro, balle wanda ba ku sani ba. Sadiku yanzu shekararsa sha ɗaya, lafiyarsa lau, ya ce ba ya tuna komai. Amma da Sallar da ta wuce na goyo shi a mashin, muna hawa gadar kanal na duba madubi, sai na ga ya ɗaga hannun hagu.