Abin da Na Gaya wa Kocin Akara

Ni fa ban taɓa zama koci ba. Makaniki ne ni a unguwar Suame, gyaran birki na sani. Amma da yake na buga ƙwallon kwando ina saurayi, kuma Allah ya ba ni baki, sai samarin zangonmu, wato unguwarmu ta Hausawa, suka maishe ni alƙalinsu. Duk Asabar da la'asar ina bakin filin siminti na Dichemso, ina yi wa malalata tsawa.

Biyu ne suka yi fice a cikinsu. Ɗaya ɗan yayata ne, dogo siriri, shekararsa goma sha tara. Ɗayan ɗan mai shayin bakin masallaci ne, bai kai shi tsawo ba amma yana da faɗin kafaɗa. Zancensu ba ya ƙarewa a bencin shayi. Ɗan yayata in ya jefa daga nesa, ƙwallon ko ƙarfen kwandon ba ta taɓawa, sai dai ka ji ƙarar raga. Ɗan mai shayi bai kai rabinsa ci ba, amma shi ke riƙe da 'yan wasa. Ya san wanda ya gaji, ya san wanda ya yi fushi, in ana cin su shi ke tara su ya yi musu magana. Wasu su ce mai ci shi ne ɗan wasa, wasu su ce gobe ta mai haɗa kan mutane ce. Ni ko daga barci aka tashe ni ɗan yayata zan zaɓa, kuma ba don jini kaɗai ba.

Wata Asabar bayan wasa na zagaya bayan katangar filin, sai na tarar da ɗan yayata a tsugune, hannu dafe da ƙirji. Leɓunansa sun yi fari kamar ya lashi toka.

"Kawu, ba komai," in ji shi. "Yunwa ce, ban ci komai ba tun safe."

Na taɓa ganin leɓɓa irin waɗannan. Ubansa yana sauke huhun goro a kasuwa ya yanke jiki ya faɗi, ko ciwon kai bai yi ba kafin nan. Yaron yana ƙarami a lokacin. Abin da aka gaya masa kawai shi ne kwanan babansa ne ya ƙare.

Na tafi wajen uwarsa kai tsaye. Tana jin maganar ta tashi ta tura ƙofa.

"Kada in ji wannan a bakin kowa," ta ce. "So kake a ce gidanmu akwai ciwon gado? Ƙannensa mata fa, wa zai kalle su?"

"Yaya, mu kai shi asibiti mana."

"Asibitin da rabin zango ke aiki a ciki? Zan karɓo masa rubutu. Kai dai ka rufa mana asiri."

Haka muke a zango. Ciwo in ba ya bayyana a fuska ba, sunansa zazzaɓi. Yayata ce ta goye ni, ban saba yi mata musu ba, sai na yi mata alkawari.

Ba a yi wata guda ba wani koci ya zo daga Akara. Kulob ɗinsu na biyan albashi, gurbi ɗaya gare su. Ya kalli wasa kwana biyu, sannan ya ja ni gefe da Hausarsa ta 'yan koyo.

"Maigida, kai ka san su. Dogo yana ci sosai. Wane zan ɗauka?"

Na san yadda ake horar da 'yan kulob, gudu safe da yamma ba tausayi. Na hango yaron kwance a wani fili a garin da ba shi da kowa. Ga kuma alkawarin da na yi wa Yaya. Sai na buɗe baki na yi ƙarya. Na ce dogon yana da son kai, ba ya ba da ƙwallo, ba ya jin magana, kuma iyakar inda zai kai ke nan. Na ce ɗan mai shayi shi ne mai gaba. A raina ina cewa na yi dabara, na tsare yaro kuma na tsare asirin gida.

Na manta a zango nake. Kafin in hau mota zuwa gida maganar ta riga ni isa.

Ɗan yayata bai zage ni ba. Gaisuwa ma bai fasa ba, sai dai ba ya ɗaga ido. Ɗan mai shayi ya tafi Akara, ɗan yayata kuma ya shiga gudu. Bayan sallar asuba zai kama hanya har unguwar Kwadaso ya dawo, da rana yana fili shi kaɗai, yana jefa ƙwallo a bango yana cafewa, wai yana koyon ba da ƙwallo. Na tare shi na ce ya sassauta.

"Ba kai ka ce iyakata ke nan ba, Kawu? Bari mu gani."

Tsoro ya hana ni sakat. Ina ƙarƙashin mota waya ta yi ƙara, sai sifana ta kuɓuce mini. Sau biyu na ɗaure birki na manta ko na ɗaure, na sake kwancewa. Kullum ina cewa gobe zan gaya masa gaskiya, in na ga fuskar Yaya sai in fasa.

Ran da ya faɗi ina wurin. Ya yi tsalle ya jefa, ƙwallon ta shiga, shi kuma ƙafafunsa suka lanƙwashe. Ban san lokacin da na ɗauke shi ba, na dai ga kaina a cikin tasi ina kiran sunansa ina salati. Ya buɗe ido kafin mu isa.

Likita ya gama gwaje-gwajensa ya ce zuciya ce, ya tambaya ko akwai wanda ya taɓa faɗuwa haka a dangi. Yaya ta sunkuyar da kai. Ni na ba da amsa, na faɗi komai, har huhun goron. Likita ya ce ƙwallo ta ƙare masa, kuma mu gode wa Allah da bai tafi a kan hanyar Kwadaso ba.

Da likita da Yaya suka fita, yaron ya juyo ya dube ni, karo na farko cikin wata uku.

"Kawu, tun ranar bayan katanga ka sani?"

"Na sani."



"Da ka ce mini zuciya ce, da na zauna," in ji shi. "Cewa ka yi ban iya ba, shi ya sa nake gudun."

Takalmansa na hannuna tun daga fili. Na rasa inda zan ajiye su, sai na ci gaba da riƙewa.